Sautun Shef

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaɓen fata a wani kamfani da ke bayan gari, kan hanyar da ta fita yamma zuwa Takieta, kafin a kore ni da takarda mai layi huɗu. Har yau takardar tana nan a ƙasan akwatina. Jikokina sun sha tambayata me ya sa nake ajiye abin da ya ɓata mini rai, ni kuwa duk ranar da na ɗauko ta dariya nake yi.

Aikin nawa ba mai kyan gani ba ne. Dillalai su kawo fatun awaki da na tumaki da ƙiragan shanu, a zube su a gabana cikin magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ni kuma in riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, in haska a bakin ƙofa, in shafa, in shinshina, in jefa. Lamba ɗaya nan, lamba biyu can, wadda ba ta da rabo kuma bayan ƙofa. In wuƙar mahauci ta zame ko da faɗin farce ne, yatsana yake fara gaya mini kafin idona. In an ce yabon kai nake yi na yarda, amma a Damagaram ta wancan lokaci masu hannu irin nawa ba mu fi mu uku ba, kuma biyun sun tsufa. Maiɗakina takan ce ko wanka uku na yi, karnukan unguwarmu ta Birni sun san na taso daga aiki.

Sai fari ya zo, babban nan na farko, wanda damina ta yi ta yi mana alkawari tana saɓawa. Dabbobi suka riƙa faɗuwa, fata ta yi yawa har ta ba mu tsoro. Fatar dabbar da yunwa ta cinye ba ta da jiki, kamar takardar buhun siminti take a hannu. Ta mushe kuwa ba ta ɓoyuwa, jini ya kwanta a jijiyoyinta ya bar baƙin zane. Shugaban kamfaninmu baƙo ne a ƙasar, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, muna ce masa Mushe Darekta yadda da Faransanci ake ce wa duk mai kwat da ya yi lakwal, wato boko. A shekarar nan in ka ce "ga mushe nan" a cikin magaza, sai ka nuna wanda kake nufi, na ƙasa ko na biro, wato ofis.

Abin da ya riƙe mu a lokacin shi ne buhun dawa. Duk ƙarshen wata kamfani yana ba kowane ma'aikaci buhu guda na jar dawa. A kasuwar Zango kana iya yini kana yawo da hannu a aljihu ba ka ga mai sayar maka da tiya ɗaya ba, don haka a wurinmu buhun nan shi ne aikin. Wanda ya rasa aiki a shekarar ya rasa tukunyar gidansa.

Kora ba baƙuwata ba ce, na ga an yi ta a gabana. An kori wani mai gadi da aka kama yana miƙa ƙiraga ta kan katanga. An kori wani direba da ya sha ya bugu ya zuba kamiyo, babbar motar kamfani, a rami da kaya a kai. Da gyaɗa ta daina zuwa aka rufe ɓangarenta, mutanen can an gaya musu tun da sauran wata guda, aka ba kowa takardar shaidar aikinsa. Na tausaya musu, amma ban taɓa cewa an zalunci ko ɗaya ba. Ban kuma taɓa kawo wa raina cewa za a sa ni cikin jerin ba.

Wata safiya saƙo ya iso mini daga ƙauye. Mahaifiyata, Iya, tun rasuwar mahaifinmu ta bar Birni ta koma garinsu, can gaba da Damagaram Takaya, wurin ƙanena. To rijiyar garin ta ƙafe. Ƙanen nawa ya kora sauran shanunsa kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar Iya da matarsa da 'ya'ya uku, ita kuma Iya ƙafa ta hana ta tafiya mai nisa.

Na yi sammako na tarar da Shef a bakin sikeli, ba kowa a magaza sai mu biyu. Shef shi ne shugaban magaza, shi ke tsakaninmu da Darekta, duk abin da Darekta ya sani game da mu daga bakinsa ya ji shi. Ya girme ni da kamar shekara goma, mutumin yankin su Iya ne, ba mu taɓa sa-in-sa ba.

Na ce, "Shef, an aiko mini daga gida. Rijiya ta ƙafe, tsohuwa ba ta iya tafiya. Ina son in je in ɗauko su."

Ya ce, "Subhanallahi. Kwana nawa?"

"Mako guda. In Allah ya yarda ma ba zan cika shi ba."

Ya dubi sikeli, sannan ya ce, "Ashe ta garinmu za ka bi ke nan. Tsaya." Ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da wata jakar fata ja, wadda ni da kaina na zaɓa masa fatarta shekarun baya, da ƙullin ganyen shayi da sukari. "Ka kai wa Gwaggona wannan. Ka ce ta taimake ni da irin geron nan nata mai saurin nuna, in ba su cinye ba. Nawa ya tafi tukunya tun bara, gonar tawa ta hanyar Gaffati tana nan zaune."

Na karɓa na ce insha Allahu.

Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Sai ka dawo."

Akwai takardar farmisiyo, ta neman izinin tafiya, a biro, bugaggiya, mai gurbin sa hannu biyu. Duk mun san da ita, amma babu mai taɓa ta. Babba ya ba ka bakinsa, har ya ɗora maka sautu, sannan ka ce ya rubuta maka? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan a fuskarsa. Na rataya jaka na kama hanya.

Ba na son ba da labarin abin da na gani a hanyar. Kamiyo ya sauke mu a Damagaram Takaya, sauran na taka da ƙafa, kuma ni da nake gane fatar mushe da yatsa, a tafiyar nan na gan ta a jikin masu ita, zube gefen hanya. Na fara biyawa garin su Shef. Gwaggonsa tana nan, ta bushe ƙwarai amma bakinta da ƙarfi. Ta karɓi shayi ta juya ƙullin sukarin a hannu ta ce, "Shi ke nan? Yaron nan tun yana ƙarami haka hannunsa yake." Ta sa aka janye tabarma, ta tona ƙasan ɗakinta ta fito da gora. Irin gero ne, ta binne shi don kada idonta ya riƙa ganinsa. Ta zuba rabi a jakar, ta ɗinke bakin da kaba.

Ta ce, "Ɗan nan, hannu da hannu za ka ba shi. Kada ka bar wa mutanen gidansa, bana duk abin da ya shiga hannun mata turmi za shi, kuma ban ga laifinsu ba. Ka ce masa kada ya shuka da ruwan farko, ruwan farko ƙarya yake yi. Ya jira na biyu."

Na ɗauko su Iya a kan jakin aro har bakin hanya, muka samu kamiyo. Ran kwana na shida da la'asar muna cikin Birni.

Washegari na shirya na tafi aiki da jakar Shef a kafaɗa. Mai gadi ya tare ni a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini takarda a ninke yana kallon ƙasa. Lakwal ɗina ba ta yi nisa ba, amma ta isa in karanta layi huɗu. An sallame ni, saboda "abandon de poste". Wato na gudu na bar aiki ba da sanin kowa ba. Babban laifi ne, mai shi ba ya samun gargaɗi, ba ya samun komai, sai ƙofa. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofar na hango wani mutum tsaye a wurina, ya ɗaga fatar akuya da hannu biyu yana juya ta kamar mai neman wuyan riga. Daga baya na ji wan matar Shef ne, manomi, a makon nan ya sauka a gidan Shef da iyalinsa.

Ina da zuciya, wannan kowa ya sani. Na tsaya a ƙofar nan na yi ta ɗaga murya har dillalai suka taru. Na kira Shef, bai fito ba. Na kira Darekta, aka ce ya tafi taro. Abin da na faɗa ran nan ba zan rubuta shi ba, jikokina suna karatu.

A gida yanzu mun zama mu goma sha ɗaya, ga buhu ya wuce rabi. Maiɗakina ta koma dama kunu da rana, tuwo sai da yamma, shi ma malmala ƙanana. Iya kuwa sai ta tsiri azumi. Litinin da Alhamis, sannan ta ƙara da Talata, sannan ta ce ai akwai ramuwar da ake bin ta tun haihuwar ƙanena. In an sha ruwa ta ci loma uku ta ture kwano wurin yara ta ce ta ƙoshi. Duk mun gane abin da take yi, ita ma ta san mun gane. Wannan ya fi korar ci mini rai.

Sau uku ina zuwa gidan Shef da jakarsa. Sau uku ana aiko mini daga ciki cewa ba ya nan, alhali ga ɗan babur ɗinsa mobilet jingine a zaure. Nakan tuna maganar Gwaggo in juyo da abina. Ran na ukun na dawo a fusace, na jefar da jakar a tsakar gida na ce wa maiɗakina, "Farke ta ki daka. Gero ne mai kyau, ya yi mana kunun kwana uku."

Ta tsaya tana kallon jakar. Iya ce ta yi magana daga kan tabarma.

"Kai, ɗauki abin mutane ka mayar inda yake. Shi ya yi maka laifi. Tsohuwar can da ta tona ɗakinta me ta yi maka?"

Na ce, "Iya, yara fa."

Ta ce, "Na ga yara. Rataye ta."

Na rataye ta a ƙusa cikin ɗakina. Kwana da kwanaki ina kwanciya ina tashi da gero a saman kaina, ciki yana kuka, ina tsine wa mai shi.

Maiɗakina ce ta tura ni ƙara. Wata rana ta gaji da jin ina maimaita labarin ga duk wanda ya zauna a zaure, ta ce, "Malam, ba kai ka taɓa ce mini akwai biron da ake kai kukan masu ba da aiki ba? Ko a zaure za ka ƙarar da bakin naka?" Gaskiya tsoro nake ji. Ana cewa wanda ya kai ƙarar kamfani, babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa. Ta ce, "Yanzu da ba ka kai ba, su nawa suka zo ɗaukarka?" Na tashi na sa hula.

Ansifektan aiki wani Bafulatani ne siriri mai tabarau. Yana ganin tsagen Barebari a fuskata ya washe baki ya ce, "A'a, lale! Yau bawa ya kawo kuka wurin ubangidansa."

Wasan da ke tsakaninmu da Fulani ke nan, kuma a ranar lafiya da na rama har sai ya nemi ruwa. Amma na ce, "In ka mayar da ni aiki, na yarda ni bawanka ne har ran Juma'a."

Ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska ya ce wasa ya tsaya a nan. Ya karanta takardata, ya sa na ba shi labari tun daga farko. Maganar jaka ko a raina ban kawo ta ba, don ban ga abin da ya haɗa ta da shari'a ba. Ya ce mai kamfani yana da ikon sallamar ma'aikaci, amma sai da dalili na gaskiya: ko mutum ya yi laifi, kamar sata ko duka ko ƙin aiki, ko ya kasa aikin, ko aikin kansa ya ragu. Ya ce gudun aiki dalili ne mai ƙarfi, in ya tabbata. Sai ya tambaye ni ko sun kira ni sun ji ta bakina kafin su rubuta. Na ce ko ƙofa ba a bar ni na shiga ba.

Ya ce, "Wannan aibi ne a wurinsu, amma shi kaɗai ba zai mayar da kai ba. Kana da takardar farmisiyo?"

"Babu."

"Shaida fa?"

"Daga ni sai shi sai sikeli."

Ya girgiza kai ya ce, "Ku mutanen nan da kunyar takarda." Ya ce shi aikinsa sulhu ne, zai kira mu duka. In sulhu ya ƙi sai kotu, kotu kuwa tana ɗaukar watanni. Na san buhunmu ba zai ga ƙarshen watan da muke ciki ba.

Ranar zaman, ina sa takalmi Iya ta kira ni. A kwanakin an fara ganin hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ta ce, "Tunda yau dai dole ku haɗu, ɗauki kayan mutumin nan ka ba shi. Ruwa ya kusa. Kada iri ya kwana a hannunmu damina ta wuce, a ce mu ne." Na ce shari'a za ni, ba kai sautu ba. Ta dube ni kawai. Na sauko da jakar na cusa ta ƙarƙashin babbar riga.

Mu huɗu ne a biron: Ansifekta a bayan tebur, Darekta da Shef a benci guda, ni a kujera ni kaɗai. Shef bai kalle ni ba. Da aka zo kansa ya yi magana a natse, da muryar mutumin kirki.

"Ranka ya daɗe, ya zo ya ce mini zai yi tafiya. Ban ce masa je ka ba. Farmisiyo a biro ake ba da ita, kowa ya sani."

Na miƙe tsaye na ce, "Ba ka ce mini sai ka dawo ba?"

Ya ce, "Na ce. To me ake ce wa mai tafiya? Ko baƙon da ban sani ba ya ce mini zai tafi, sai ka dawo zan ce masa. Gaisuwa ce."

Ansifekta ya juya wa Darekta maganar da Faransanci, Darekta ya ɗaga kafaɗa. A harshensu kalmar ba ta da wani nauyi, ban kwana ce kawai. Ni kuwa na hau sama. Na ce wanda bai yarda ba cewa yake ban yarda ba, ba ya tambayar kwana nawa, ba ya yi maka addu'ar hanya. Shef ya ce bai tuna ya tambayi kwana ba. Na buga tebur. Ansifekta ya ce in na sake bugawa zai fitar da ni. Ya tambayi Darekta ko zai janye takardar, Darekta ya ce shi da abin da shugaban magazarsa ya rubuta masa yake aiki. Ansifekta ya numfasa ya ce magana ta zama bakin wannan da bakin wancan, ya jawo takarda ya fara rubuta cewa sulhu bai yiwu ba.

Ina jin ƙarar alƙalaminsa ina ganin Iya tana ture kwano. Na miƙe zan fita, sai jakar ta bugi cinyata. Na zaro ta, ba don wata dabara ba, wallahi so nake in rabu da ita kawai. Na ce, "Shef, kafin mu watse, ga sautunka. Sau uku ina zuwa gidanka."

Hannuwansa biyu suka miƙo da kansu. Mutumin ƙasar nan ba ya ganin sautunsa ya naɗe hannu. Ya karɓa, ya shafa ɗinkin kabar, sai na ga fuskarsa ta sake gaba ɗaya. Ashe tun da fari ya tsananta bai sami labarin tsohuwar ba, ga shi ana ta mutuwa a yankin.

Ya ce, "Tana da rai?"

"Tana da rai. Ta ce kada ka shuka da ruwan farko, ka jira na biyu."

"Allah sarki, Gwaggo. Ta karɓi shayin?"

"Ta karɓa. Ta ce sukarin ya yi kaɗan."

Har ya fara murmushi. Sai muka lura alƙalami ya daina ƙara. Ansifekta ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar.

Ya ce, "Wane shayi?"

Ya juya wurin Shef.

"Shef, jakar nan ta wa ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Yaushe ka ba shi?"

Shef ya dubi jakar kamar yanzu ya fara ganinta.

Ansifekta ya ce, "Bari in gane. Mutum ya zo ya ce maka zai gudu ya bar aiki. Kai kuma ka shiga ɗaki ka ɗauko jakarka da shayi da sukari, ka ce in ya gudu ya biya ta wurin Gwaggo ya kawo maka iri. To ina ka so ya kawo maka? Mu dai a wurinmu ba a ba mai gudu sautu. Ko a Damagaram ana yi?"

Sai ya juya wurin Darekta. Ya daɗe yana bayani, don Faransanci ba shi da kalma ɗaya da ta ɗauki sautu. Sai da ya bi da shi a hankali: wanda ya ba ka sautu ya san za ka, ya san inda za ka, ya yarda da tafiyar, kuma yana zaune yana jiran dawowarka. Ina kallon fuskar Darekta tana canzawa. Da ya gane, ya juya ya yi wa Shef tambaya ɗaya tak, Shef ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Mutum tara suka sauka a gidana rana ɗaya. Buhu guda ba ya isa."

Zan faɗi gaskiya, a lokacin ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Tausayin sai daga baya ya zo, shi ma ba da yawa ba. Ni ma mutum biyar suka sauka a gidana, ban je na ture kowa daga wurinsa ba.

Darekta ya fusata ya ce a nan take ya kori Shef. Ansifekta ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ya ce rubuta rahoton ƙarya a kan ma'aikaci laifi ne babba, yana iya zama dalilin kora, amma sai an kira mutum an ji ta bakinsa an rubuta. Ya ce, "Kada ka maimaita mini a biro abin da ya kawo ka biro." Sannan ya tambaye ni abin da nake nema.

Na ce, "Wurina."

Aka yaga takardar da ya fara, aka rubuta sabuwa: an janye kora, in koma aiki ran Litinin a matsayina. Muka sa hannu mu uku. Ya ja layi biyu a kan takardar korar ya buga hatimi, ya miƙo mini ya ce in ajiye. Ina bakin ƙofa ya kira ni ya ce, "Babarbare, ka tuna fa, har ran Juma'a." Na ce na ji, amma ran Asabar ya shirya.

Daga biron zuwa Birni ban san na taka ƙasa ba. Na gaishe da mutanen da ban sani ba. Na shiga gida ina ɗaga takarda, maiɗakina ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Iya ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta ce, "Ka ba shi hannu da hannu?" Na ce hannu da hannu, gaban hukuma ma. Ta ce to madalla.

Ba a kori Shef ba, takardar gargaɗi aka ba shi. Surukin nasa aka mayar da shi wurin shanya, kuma a nan ya yi amfani, don manomi ya san rana ya san inuwa. Daga shekarar nan duk mai tafiya a kamfanin sai ya cike takardar farmisiyo, kunya ko ba kunya. Ko geron Gwaggo ya yi ko bai yi ba, ban tambaya ba, shi ma bai gaya mini ba, ko da yake mun ƙara shekaru muna aiki tare.

Ran Litinin ɗin na yi sammako da gangan. Na tarar da shi a bakin sikeli, daidai inda na bar shi, ba kowa sai mu biyu. Na tsaya a gabansa na ce, "Shef, ka ce sai na dawo. To, na dawo."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Sannu da zuwa."

Na tuɓe babbar riga na shiga tarin da surukinsa ya zaɓa. Fata ta farko da na ɗaga daga cikin lamba ɗaya ta mushe ce, na jefa ta bayan ƙofa da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata. Mako guda na yi ina warware ɓarnar, ina yi ina waƙa.

Kwana uku bayan komawata wata ya ƙare. Na ɗora buhun dawa a kan keke na turo shi tun daga bayan gari har cikin Birni, ban yarda kowa ya taya ni ba. Maiɗakina ta sauko da babbar tukunyar da aka kife tun kafin tafiyata. Ranar Alhamis ce, amma da aka tambayi Iya ta ce yau ba ta ɗauki azumi ba, ta manta. Aka kwashe tuwo tun rana ba ta faɗi ba, aka kai mata nata. Ta cinye tas, ta suɗe hannu, sannan ta miƙo kwanon ta ce a ƙara mata.